Awo da Haihuwa: Asibitin Gwamnati ko na Kuɗi?

Ciki na kai wata uku zancen ke tashi a gida. Maigida ya ce shi ba zai bar iyalinsa tana bin layi tun asuba ba, ga asibitin kuɗi nan bayan layinsu, mai tsafta, har da na'urar sanyaya ɗaki. Uwar yarinya kuwa ta ce duk 'ya'yanta a asibitin gwamnati ta haife su, can ne manyan likitoci suke. Kowa da gaskiyarsa. Sai dai dukansu allon bakin ƙofa suke dubawa, alhali abin da ke raba asibiti da asibiti a harkar haihuwa shi ne wanda za a tarar a farke da ƙarfe biyun dare idan jini ya ɓalle, da abin da ke hannunsa a lokacin.

Kalmar "asibitin gwamnati" kanta ba abu ɗaya take nufi ba. Akwai ƙaramin asibitin unguwa, na matakin farko, inda galibi ma'aikatan lafiya na al'umma ne da ungozoma ɗaya ko biyu, babu ɗakin tiyata, babu ma'ajiyar jini. Akwai babban asibiti na jiha, irin su Asibitin Murtala da na Muhammad Abdullahi Wase a Kano, ko Asibitin Turai 'Yar'aduwa a Katsina. Sannan ga asibitocin koyarwa: na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Haka ma ɓangaren kuɗi. Akwai wanda ƙwararren likitan mata ne ya buɗe, da ɗakin tiyata da ɗakin jarirai. Akwai kuma gida mai ɗaki huɗu da aka shafa wa farin fenti, likita guda yana leƙowa da yamma bayan ya tashi daga aikinsa na gwamnati. Duk sunansu "asibitin kuɗi". Wanda ya kwatanta asibitin koyarwa da wannan gidan, ko ya kwatanta babban asibitin kuɗi da sha-ka-tafi na ƙauye, bai yi wa kowa adalci ba.

Fara da cikin, ba da asibitin ba

Wasu cikin da kansu suke zaɓar inda za a haife su. Idan an taɓa yi miki aiki a haihuwar baya, ko kina da hawan jini, ciwon suga, sikila ko ciwon zuciya, ko tagwaye ne, ko hoto ya nuna mabiyiya ta sauko ta tare hanya, ko ɗa yana kwance a gicciye har wata tara, to ba ki da haihuwa sai inda ake tiyata da ƙarin jini dare da rana. Haka wadda ta taɓa jijjiga, wadda ta taɓa zubar da jini sosai bayan haihuwa, wadda ta taɓa haifar ɗa ba rai, yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba, da wadda ta wuce 35.

A ƙara da wadda mutane ba sa kawowa a lissafi: mai haihuwa biyar zuwa sama. Ita ce ake cewa ta saba, ba ta buƙatar asibiti. A ɗakin haihuwa kuwa ita aka fi jin tsoro, domin mahaifar da ta sha ɗauka ba ta cika tsukewa da sauri bayan ɗa ya fito ba, daga nan zubar jini ke farawa.

Mai lafiya ƙalau, ciki na biyu ko na uku, haihuwar baya ba matsala, ita ce ke da zaɓi mai faɗi. Ko ita ɗin, a tuna cewa yawancin abin da ke kashe mata wurin haihuwa ba ya aiko da sanarwa. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna mata kusan 82,000 ne suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya.

Awo

Abin da ya kamata a yi wa mai ciki ɗaya ne, ko a ina ta yanki kati. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da zuwa awo sau takwas maimakon huɗu: na farko kafin mako 12, sannan mako na 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. A zuwan farko a duba rukunin jini da yawan jini, jinsin jini na sikila, ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B, tunjere, da fitsari. Kowane zuwa a auna hawan jini, a duba fitsari, a auna tsayin ciki da tef, a saurari bugun zuciyar ɗa. A ba da maganin ƙarin jini da folik asid na kullum, allurar tetanus, gidan sauro, da Fansida, maganin kare zazzaɓin cizon sauro, ƙwaya uku daga mako na 13, wata-wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Wannan shi ne ma'auni. Ki riƙe shi ki auna kowane asibiti da shi.

A asibitin gwamnati tsadar awo lokaci ne. Ki fito bayan asuba, ki ajiye kati, ki zauna a benci a yi wa'azin lafiya, a kira ku rukuni-rukuni wurin sikeli da awon jini, ƙila sai azahar ki ga ungozoma, ganin ma na minti biyar. Yau wannan, wata mai zuwa waccan, ba lallai wani ya san ki ba, katinki ne kawai ya san ki. Amma tsarin yana da wata fa'ida da ba a cika yabawa ba: ana bin jadawali. Fansida, tetanus, gwajin ƙanjamau da maganin kare jariri daga kamuwa, duk shirye-shiryen gwamnati ne, ta nan suke biyowa, galibi kyauta. Kuma ungozomar da ke taɓa ciki hamsin a rana hannunta ya san kwanciyar ɗa.

A asibitin kuɗi za ki ga likita cikin awa guda, sau da yawa likita ɗaya tun farko har ƙarshe, ki yi tambaya a ba ki amsa, har lambar waya a ba ki. Ga ma'aikaciya ko 'yar kasuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne, don da yawa layin ne ke sa su daina zuwa awo gaba ɗaya. Inda ake samun giɓi shi ne a ƙananan wurare: a cika ki da magungunan ƙarin kuzari masu tsada da hoto kowane zuwa, a manta da Fansida, ko a yi wata uku ba a duba fitsari ba. Hoton da ya zama dole ga mai lafiya guda ne kafin mako 24, don sanin watannin ciki, tagwaye ne ko ɗaya, da surar ɗa. Likita kan ƙara wani a ƙarshe don ganin kwanciya da mazaunin mabiyiya. Hoto bakwai ba ya maye gurbin awon hawan jini guda. Idan ma'auni ya nuna 140/90 ko sama, aka ce ki je gida ki rage gishiri ba tare da an duba fitsari an sa miki ranar dawowa kusa ba, ko a wane asibiti ne, ki nemi wani ya sake dubawa.

Wadda jininta nagetif ne, mijinta fozitif, ta tambaya tun wuri ko akwai allurar anti-D, mai kare cikin da za ta ɗauka nan gaba, da nawa take. Ana yin ta cikin awa 72 bayan haihuwa. Tana da tsada a ko'ina, kuma ba kullum ake samunta a kantin asibiti ba.

Daren haihuwa

Nan ne ainihin kwatancen yake.

Ɗauki zubar jini, wanda shi ne kan gaba wurin kisa. Jinin da ya kai mililita 500 bayan haihuwa, wato cikin ledar fiya wata guda, ya zama zubar jini. Mace mai lafiya za ta iya rasuwa cikin awa biyu idan ba a tsayar ba. Rigakafinsa allurar oksitosin ce da zarar ɗa ya fito. Allurar nan zafi na kashe ta, sai a firji take zama. A garin da Afrilu ke kai digiri 40, asibitin da ke ajiye ta a durowa yana yi wa mata allurar da ƙila ba ta da ƙarfi. Don haka tambayar "kuna da sola ko janareta na firji?" ba tsegumi ba ce. Idan jini ya ƙi tsayawa, ana haɗa murza mahaifa, ƙarin oksitosin, allurar taraneksamik asid da ƙarin ruwa lokaci guda. Wani babban bincike da aka fitar a 2023, wanda aka yi a asibitocin Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa, ya nuna cewa shimfiɗa leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai jego don a ga yawan jinin da ido, tare da haɗa waɗannan magunguna nan take, ya rage mummunar zubar jini da kusan kashi 60 cikin 100. Abin lura, ba na'ura mai tsada ba ce. Sabo ne da horo.

Idan duk wannan bai yi ba, sai jini da tiyata. A nan babban asibitin gwamnati ya yi wa yawancin asibitocin kuɗi nisa: akwai ma'ajiyar jini a cikin harabar, akwai likitoci masu kwana, akwai mai allurar kashe jiki, akwai ɗakin kulawa ta musamman. Shi ya sa manyan asibitocin gwamnati da yawa ke neman maigida ko ɗan'uwa ya ba da leda guda tun lokacin yankar kati. Maza kan ji haushin wannan, amma ajiya ce. Ƙaramin asibitin kuɗi kuwa sai jini ya ɓalle ake ba maigida kwalbar gwaji a ce ya je ya nemo leda biyu. Ya fita cikin dare, ya samu ɗakin gwaji a buɗe, a gwada dacewar jinin, wanda shi kaɗai kan ci kusan awa guda, ya dawo. Ku lissafa da awa biyun nan.

Jijjiga ma haka take. Maganinta magniziyam salfet: giram 4 ta jijiya, giram 5 a kowane ɗuwawu, sannan a ci gaba duk bayan awa huɗu ana lura da numfashi da fitsari, a sauke hawan jini, a fitar da ɗan. Maganin ba shi da tsada. Abin da ake nema shi ne ya kasance a cikin ɗakin haihuwa, ba a sito da aka kulle ba, kuma mai aikin dare ta san yadda ake haɗa shi.

To amma babban asibitin gwamnati yana da nasa ciwon, kuma ba ƙarami ba ne. Cunkoso. Ungozoma biyu kan iya kwana da mata goma masu naƙuda. Ɗakin tiyata na iya kasancewa da wasu biyu a gabanki, duk gaggawa. Gado kan ƙare. Za a iya miƙa wa maigida takarda ya sayo zaren ɗinki, ruwa, safar hannu, kafin a shiga. Ka'idar da likitoci ke burin cimmawa ita ce minti 30 daga yanke shawarar tiyatar gaggawa zuwa fitar da ɗa, kuma asibitin kuɗi mai kyau, wanda likitansa da mai allurarsa ke kusa, ya fi asibitin gwamnati mai cunkoso kusantar wannan. Ga kuma yajin aiki. A 2021 likitoci masu neman ƙwarewa sun yi kusan wata biyu suna yaji, daga Agusta zuwa Oktoba. Duk wadda ranar haihuwarta ta faɗo cikin irin wannan, dole ta san ƙofa ta biyu.

Saboda haka kafin ku biya kuɗin kati a asibitin kuɗi, maigida ya je da kansa, ya fi kyau da daddare ba da rana ba, ya ga wa ke nan. Ya tambaya: likita a nan yake kwana ko kiransa ake yi, kuma daga ina? Wa ke yin tiyatar, ƙwararren likitan mata ne ko likitan gama-gari? Wa ke allurar baya ta kashe jiki? Masu karɓar haihuwa ungozomomi ne masu lasisin Hukumar Nas da Ungozoma, ko 'yan matan da aka koya wa aiki a nan? Farin kaya ba shaida ba ce. Jini daga ina, minti nawa? Akwai iskar oksijin? Idan abu ya fi ƙarfinku ina kuke turawa, da wace mota? A Kano akwai hukumar PHIMA da ke yi wa asibitocin kuɗi rajista, takardarta ya kamata a gani a bango. Asibitin da ya ji haushin waɗannan tambayoyin ya riga ya ba ku amsa.

Kar a manta da jaririn. Wanda ya fito bai yi kuka ba yana da minti ɗaya a fara hura masa iska da 'yar jakar roba. Bakwaini kuwa yana buƙatar kwalba, ɗumi da oksijin ba yankewa. Ɗakin jarirai a asibitin kuɗi kullum ake biya, kuma bakwaini kan yi makonni. Iyalai da dama da suka iya kuɗin haihuwar, a nan suke durƙushewa, a koma neman gado a asibitin gwamnati da jariri a cikin zane. Idan akwai alamar haihuwa za ta zo kafin lokaci, gara a kai uwar inda kwalbar take tun ɗan yana ciki.

Maganar aiki

Ana yawan cewa asibitin kuɗi da an je sai su ce aiki, don kuɗinsa ya fi. Zargin ba ya rasa tushe, a ƙasashe da dama tiyata ta fi yawa a ɓangaren kuɗi. Amma a arewacin Nijeriya matsalar da ta fi girma akasin haka ce. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna a faɗin Nijeriya kusan kashi 3 cikin 100 kacal na haihuwa ake yi ta tiyata, kuma kashi 39 ne kawai ke faruwa a asibiti. Masu buƙatar aikin ba sa samu, ko su samu a makare. Cibiyar yoyon fitsari ta Babbar Ruga a Katsina cike take da matan da suka kwana biyu, uku suna naƙuda, kan ɗa ya danne mafitsara har naman ya mutu.

Mafita ba ƙin sa hannu ba ce. Ku tambayi dalili, a faɗa muku da Hausa: bugun zuciyar ɗa ne ya sauka, ƙugu ne ya yi kaɗan, naƙuda ce ta tsaya duk da an ɗaura ruwan naƙuda? Ku nemi ganin takardar da ake bin naƙuda awa-awa. Idan aikin na shiri ne, makonni kafin lokaci, kuna da damar jin ra'ayin likita na biyu. Idan na gaggawa ne, maigida ya kasance kusa ko ya bar izini tun wuri. An sha rasa ɗa ana jiran mai sa hannu ya dawo daga kasuwa.

Wani haɗari kuma da ke tsakanin ɓangarorin biyu: haihuwa a gidan ma'aikaciyar asibiti ko bayan kemis, a ɗaura ruwan naƙuda ko a sa ƙwaya don abu ya yi sauri. Ruwan naƙuda ba tare da mai lura da ɗakin tiyata a kusa ba yana fasa mahaifa, musamman mai tsohon ɗinki. Wannan ba asibitin kuɗi ba ne, ko da an biya kuɗi.

Kuɗi

Jihohi irin su Kano da Jigawa sun daɗe da manufar awo da haihuwa kyauta, kuma a Nuwamba 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka tantance. Ku tambaya ko asibitinku na ciki. Duk da haka kada a je hannu rabbana. Kyauta na aiki ne muddin kaya na sito, ranar da suka ƙare kemis ɗin bakin ƙofa za a tura ku. Asibitocin koyarwa na tarayya kuwa biya ake yi, sai dai bai kai na kuɗi ba. Wasunsu suna da sashen masu hali, ɗaki na daban da ganin babban likita, wanda ga mai ciki mai haɗari da ke da abin hannu kusan shi ya fi komai: keɓewa irin ta asibitin kuɗi a cikin harabar da ke da jini.

A asibitin kuɗi kada ku tambayi kuɗin haihuwa kawai. Ku tambayi kuɗin ranar da ba a fata. Tiyata nawa, wadda yanzu maganar ɗaruruwan dubbai ake yi? Kuɗin ya haɗa da mai allura, magani da kwanakin gado? Ledar jini nawa? Kwalbar jariri a rana nawa? Sai an ajiye nawa kafin a taɓa ta? A rubuta muku. Idan abin da za ku iya bai wuce kuɗin haihuwa lafiya ba, to asibitin nan ba naku ba ne, domin ranar da abu ya rikice za a tura ku can inda ba ku da kati, bayan an ɓata awanni.

Mai inshorar lafiya ta tarayya, wato NHIA, ko ta jiha, irin KSCHMA a Kano, ya duba wane asibiti aka rubuta masa, da ko tiyata na buƙatar lambar izini daga kamfanin inshora. Neman lambar nan ranar Asabar da daddare aiki ne, a san hanyarsa tun ciki na wata bakwai.

Akwai abin da ba a sa masa farashi amma yana kore mata daga asibitin gwamnati: tsawa, rashin labule, hana uwa ko 'yar'uwa shiga, da rashin tabbacin samun mace ta duba ki. Asibitin kuɗi ya fi a nan, babu ja. Sai dai a sani, ko can ɗin, da ƙarfe biyun dare wanda ke kan aiki shi zai yi tiyatar, mace ko namiji.

To wanne?

Mai ciki mai haɗari, babban asibitin gwamnati ko asibitin kuɗi na ƙwararre da ya amsa tambayoyin can duka, ba tsaka-tsaki. Mai lafiya da kuɗin ya yi wa kaɗan, awo a asibitin unguwa ya wadatar, haihuwa ma haka idan akwai ungozoma mai kwana kuma babban asibiti bai wuce tafiyar rabin awa ba. Mai lafiya da ke da hali kuma layi ya yi mata nauyi, asibitin kuɗi da aka bincika.

Mata da yawa a birni suna haɗa biyu, kuma dabara ce mai kyau: a yanki kati a babban asibitin gwamnati tun wata uku ko huɗu, a je can sau biyu ko uku, a ba da jinin ajiya, sauran awon a yi kusa da gida. Illar ita ce magani kan ninku, a sha Fansida nan a sha can cikin mako guda. Don haka kowane ɓangare ya ga katin ɗayan, kuma sakamakon gwaji duka su zauna a leda guda a cikin jakar haihuwa. Wadda za ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a wani gari ta karɓi takardar bayani daga inda take awo, ta yanki kati a can kafin mako 36, ba ranar da faya ta fashe ba.

Daga wata takwas jaka ta zauna a shirye: zannuwa, audugar mata, kayan jariri, man cibiya na kulohedzidin, da duk abin da asibitin ya rubuta. A samu lambar direba biyu da za su ɗaga waya da dare, da mutum biyu masu jini irin nata. Jini ko ɗigo ne, ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, kumburin fuska, zazzaɓi, ruwa ya fashe ba naƙuda, ɗa ya rage motsi, ko naƙudar da ta wuce awa 12, duk ba a jira ranar awo, kuma ba a tsayawa a ƙaramin asibiti, kai tsaye inda ake tiyata. Bayan an sauka lafiya a zauna awa 24 kafin sallama, ko da gado ya yi tsada ko ana jiransa, don a ranar farko jini ya fi ɓallewa. Kafin a fita a yi wa jariri allurar BCG ta rigakafin tarin fuka, ɗigon shan inna da allurar ciwon hanta. Idan asibitin kuɗin ba ya ajiye su, ana yi kyauta a asibitin gwamnati mafi kusa, kuma ta ciwon hantar cikin awa 24 na farko ake son ta.